Yaron da ba a doka ba amma an bar shi: yaya ake gane sakaci, kuma ina iyakarsa da talauci?

Malamar Firamare:
Assalamu alaikum. Akwai abin da ke shige wa malaman makaranta duhu, ina so masana da ke nan su warware mana. Yaron da aka doka, shatin bulala na nan a bayansa, kowa zai gani. To wanda ba a taɓa lafiyar jikinsa ba, sai dai an ƙyale shi kawai, ba ci a kan lokaci, ba wanka, ba mai tambayar inda ya yini, shi da me za a gane shi? Kuma da wannan tsadar rayuwa, yaya za a bambance wanda aka yi sakaci da shi da wanda iyayensa ba su da hali?

Jami'in Walwala:
Wa alaikumus salam Malama. Sakaci shi ne wanda yaro ke hannunsa ya bar wata buƙata ta dole ba a biya ba, alhali yana da hanyar biyanta, har abin ya cutar da yaron ko ya kusa. Buƙatun kuwa sanannu ne: ci, sutura, makwanci, magani, tsaro daga haɗari, karatu, da jan yaro a jiki. Kalmar "alhali yana da hanya" ita ce ta raba sakaci da talauci.

Ba a yanke hukunci da gani ɗaya. Yaro ya zo da dauɗa ranar Litinin, wannan ba komai ba ne. Rigar nan dai ita ce a jikinsa har Alhamis, sati bayan sati, ga ƙazwa a tsakanin yatsu wata biyu ba a nemi magani ba, to nan ne za ki fara sa ido. Ma'auni mafi sauƙi shi ne ki dubi sauran yaran gidan. Talauci ba ya zaɓe, idan ya shiga gida kowa zai ji a jikinsa, har uwar ma za ki gan ta a rame. Amma yara biyar sumul, ɗaya ne kaɗai ƙafa duk faso kuma ba takalmi, shi ne mai ɗebo ruwa, shi ne na ƙarshe a bakin kwano, wannan ba rashi ba ne. Sau da yawa sai ki tarar ɗan riƙo ne, ko agola, ko maraya, ko ɗan matar da aka saka.

Sista Mai Jinya:
Bari in ɗauki ɓangaren abinci, domin shi ne ake iya aunawa da hannu. Daga wata 6 zuwa wata 59 ana amfani da tef ɗin awon damtse mai kala uku. A hannun hagu ake awo, a tsakiyar tazarar da ke tsakanin kan kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake ba a lanƙwashe ba. Kore, wato santimita 12.5 zuwa sama, lafiya. Ruwan ɗorawa, 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, tamowa ta fara shiga. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani, ranar za a kai shi asibiti. Kuskuren da aka fi yi shi ne matse tef ɗin har ya shiga nama, ko a bar shi sako-sako, sai awo ya ba da ƙarya.

Sai kumburi. Ki danna babban yatsa a bayan tafin ƙafafunsa duka biyu, ki ƙirga daƙiƙa 3, ki ɗaga. Idan rami ya zauna a duka ƙafafun, tamowa ce mai tsanani ko da tef ya nuna kore. Wannan nau'in yana yaudarar iyaye, su ga kumatu sun cika su ce yaro ya yi ƙiba, alhali ruwa ne. Gashi ya yi ja ya yi laushi yana zuba, fata tana saɓulewa, yaron ba ya wasa, an taɓa shi sai kuka.

Ga jariri kuwa katin awo ne shaida. Yakan rage nauyi a kwanakin farko, ya mayar kafin ya cika sati biyu, ya ninka nauyin haihuwarsa wajen wata biyar, ya ninka sau uku a shekara ɗaya. Layin nauyi a katin da ya miƙe a kwance wata biyu ko uku a jere abin bincike ne.

Likitan Yara:
Sista ta yi daidai, amma a yi hattara: ramewa ba ta nufin an hana yaro abinci. Tarin fuka, cuta mai karya garkuwar jiki, sikila, ciwon zuciya da aka haife shi da shi, gudawa mai daɗewa, duk suna ramar da yaro ko da uwarsa ba ta runtsa ido a kansa. Shi ya sa sai an kawar da waɗannan kafin a ɗora wa kowa laifi. Abin da ke ba mu haske shi ne, idan aka kwantar da yaro aka ciyar da shi yadda ya kamata, ya hau nauyi da sauri ba tare da an sami wata cuta ba, aka sallame shi ya koma gida ya sake zubewa, to matsalar tana gida. Ko a nan ma sai a tambaya: babu abincin ne, ko akwai amma ba ya kai wa bakinsa?

Akwai hanyoyi da yawa da abinci ke kasa kai wa bakin yaro a gidan da ake ɗora tukunya. Ɗan shekara ɗaya da rabi a zaunar da shi a kwano ɗaya da yayyensa 'yan shekara takwas, kafin ya kai loma biyu sun share. Ko a riƙa ɗura masa koko tsararo, ciki ya cika da ruwa. Cikinsa ƙarami ne: daga wata 6 zuwa 8 yana buƙatar ci sau 2 zuwa 3 ban da nono, daga wata 9 zuwa 23 sau 3 zuwa 4 da ɗan abin taɓawa a tsakani, a kwanonsa shi kaɗai, kunun kuma mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali, da gyaɗa ko waken suya ko ƙwai ko garin kifi a ciki. Sai yaye na farat ɗaya saboda uwa ta sami ciki: yau yana shan nono, gobe an kai shi garin kakarsa. Ya rasa nono, ya rasa uwa, ya ƙi cin abinci. Sunan da likitoci ke kiran tamowa mai kumburi da shi, kwashiyoko, daga harshen Ga na ƙasar Gana ya fito, likita Cicely Williams ce ta shigar da shi rubutun likitanci a 1935, kuma ma'anarsa ciwon da ke kama yaron da aka yi wa ƙane aka ture shi. Mai ciki za ta iya ci gaba da shayarwa, nonon bai lalace ba.

Inna Ungozoma:
Likita, ku yi mana adalci. Matar da mijinta ya fita tun asuba bai bar mata ko naira ba, ta dama ɗan garin da ya rage ta ba yara, ita ce za a ce ta yi sakaci? Ƙwai nawa ne yanzu? Ni ina tsoron wannan magana ta zama sandar dukan talaka, a bar masu laifin na gaskiya.

Jami'in Walwala:
Inna, gaskiyarki, kuma wannan matar ba ta yi sakaci ba. Idan akwai mai sakaci a gidan, mijin ne in yana da shi ya hana, ko ya kashe a waje. Mun saba idan yaro ya lalace sai a ce "uwarsa ba ta kula", ba a tambayar uban. Amma ga inda ake gane bambanci: abubuwan da ba sa cin kuɗi. Rigakafi kyauta ne a asibitin gwamnati. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, kyauta ne, amma sai a matse a zubar a ce ba shi da kyau. Rufe bakin rijiya da murfi, ɗauke kwalbar kananzir daga ƙasa, yi wa yaro magana, duk ba sa buƙatar kuɗi. Talakar da ke kula za ki gan ta da riga ɗaya tal ta yaro amma a wanke, ta zo awo da ƙafa. Kuma idan aka kawo taimako ta karɓa yaro ya murmure. Mai sakaci ko an kawo taimako yaron yana nan yadda yake.

Sista Mai Jinya:
Misalin wannan shi ne abincin tamowa na leda, Plumpy'Nut, wanda aka yi amfani da shi sosai a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Leda ɗaya giram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500, kuma ana lissafa yawanta ne da nauyin yaron. Magani ne na yaro ɗaya. Idan ya yi sati uku yana karɓa nauyi bai motsa ba, kuma ba wata cuta, sai a bi shi gida. Wani gidan za a tarar ana raba wa sauran yara saboda su ma yunwar suke ji, wannan gidan abinci yake buƙata. Wani gidan kuwa maigida ne ke karɓewa ya kai kasuwa, ko manya su shafa a burodi. Waɗannan biyun ba hukuncinsu ɗaya ba.

Malamar Firamare:
Na fahimta. To ɓangaren rashin lafiya fa? Kusan kowa kemis yake fara zuwa ko wurin mai maganin gargajiya. Duk sakaci ne?

Likitan Yara:
A'a Malama. Abin dubawa shi ne me aka yi bayan alamun haɗari sun bayyana, ko bayan an yi wa iyaye bayani sun gane. Alamun da ba a kwana da su a gida: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Numfashi kuma ƙirga shi ake yi minti ɗaya cur yana kwance shiru: ƙasa da wata 2, sau 60 ko fiye ya yi sauri, wata 2 zuwa 11, sau 50, shekara 1 zuwa 5, sau 40. Idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, alamar ciwon huhu ce. Jaririn da idonsa ya yi shawara a ranar farko, ko ta sauko har tafin hannu da ƙafa, ba shanya shi a rana ko ba shi ruwan gulukos ne magani ba, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa har abada. Mai sikila da ya yi zazzaɓi shi ma ba a jira da shi.

Gudawa tana kashe yara ne ta hanyar ƙarar da ruwan jiki. Maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, a ja fatar ciki ta ƙi komawa da wuri. Abin da ake so shi ne ruwan gishiri da sukari na leda a haɗa yadda aka rubuta a jiki, da ƙwayar zinki miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata 6 ba. Barin yaro kwana huɗu yana zawo a ce haƙori ne, nan ake asara.

Wanda ya fi nuna sakaci ƙarara shi ne ciwon da ya daɗe a fili kowa na gani: kunne yana zubar da mugunya wata da watanni, makero ya cinye kai, gyambo a ƙafa ƙuda na bi, fitsarin jini na tsargiya da ake ɗauka alamar girma ce, mai farfaɗiya da aka daina karɓo masa magani. Ku riƙa buɗe bakin yara masu tamowa. Cutar da likitoci ke kira noma, mai cinye naman baki da fuska, daga dasashi take farawa, ya kumbura yana jini, baki yana wari, kumatu ya kumbura, cikin 'yan kwanaki nama ya mutu ya ɓurme. Ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman bayan ƙyanda. A matakin dasashi maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci suna tsayar da ita. Idan ta wuce, mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi, waɗanda suka rayu sai tiyata. Akwai asibiti musamman domin ita a Sakkwato tun 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamba 2023.

Sista Mai Jinya:
A nemi katin rigakafi kuma. A Najeriya ana yi ranar haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9, sai allurar ƙyanda ta biyu a wata 15. Tabon allurar tarin fuka yana saman damtse, ko ba kati za a iya dubawa. Ɓarkewar mashaƙo da ta addabi Kano a 2023 yaran da ba a yi musu rigakafi ba ta fi kamawa. Amma kafin ki ce uwa ta ƙi, ki tambaya. Da yawa suna so, izinin fita ne maigida bai bayar ba.

Jami'in Walwala:
Nau'in da ba a cika kira sakaci ba sai an yi rashi a ce ƙaddara, shi ne rashin sa ido. Mai rarrafe yana iya nutsewa a bokiti ko bahon wanki, domin kansa ya fi jikinsa nauyi, in ya kifa ba ya iya ɗagowa, kuma ba ya ihu. Rijiya ba murfi, kududdufi a bayan gida da damina, kaskon wuta a ɗaki da sanyi, tukunyar ruwan wankan jego a tsakar gida. Kananzir ko fiya-fiya ko sodar yin sabulu a robar lemo a ƙarƙashin gado. 'Yar shekara 6 da aka goya wa jariri aka bar mata gida tun safe, su biyun duka an yi sakaci da su. Kulle yara a ɗaki a tafi biki da kyandir ko risho a ciki. Sai ba yaro maganin mura mai sa barci don a huta, wanda in aka ga jariri kullum a mace da barci ba ya tashi shan nono, ya kamata a tambayi abin da ake ba shi.

Wani lokacin kuma iyaye ba su san haɗarin ba sam. A Zamfara a 2010, a yankunan Anka da Bukkuyum, ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gida, ƙurar dalma ta cika tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki, yara fiye da 400 suka rasu. Ba za a kira wannan sakacin iyaye ba a lokacin. Amma wanda aka yi wa bayani yau ya ci gaba da niƙa a gida, ya shiga ciki.

Likitan Yara:
Tunda an ambaci kananzir: kada a sa yaro amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Haɗarinsa shi ne ya shiga huhu, amai kuwa shi ke kai shi can. A cire masa kayan da suka jiƙe a kai shi asibiti da kwalbar. Ƙuna kuma ruwa mai ɗan sanyi ake zubawa na minti 20, ban da ƙwai, ban da man goge baki. Kuma ƙuna ɗaya ba ta sa mu zargi kowa, tsautsayi yana faruwa a kowane gida. Yaro ɗaya ya zo da ƙuna, bayan wata uku karaya, bayan nan ya sha wani abu, ko a kawo shi bayan kwana biyar ciwon ya ruɓe, wannan ne ke sa a tsaya a yi tambaya.

Malamar Firamare:
Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne yaron da ke ci yana ƙoshi, kayansa tsaf, amma kamar ba ya cikin duniyar.

Likitan Yara:
Wannan shi ne mafi wuyar ganewa, kuma a gidan masu hali ma ana samunsa, inda aka sakar wa 'yar aiki ko waya yaro. Ƙwaƙwalwar jariri tana ginuwa ne da amsawa: ya yi gwaranci a amsa masa, ya yi kuka a zo, ya kalli fuska ta kalle shi. Idan ya yi ta kira ba a zuwa, sai ya daina. Shi ya sa jaririn da ake yabo "ba ya kuka ko kaɗan" wani lokaci abin tsoro ne. A duba: wata 3 ba ya mayar da murmushi, wata 9 ba ya zama, wata 18 ba ya tafiya kuma ba kalma ko ɗaya, shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu. Yana zaune yana ta rausaya shi kaɗai ko buga kai a bango. Ya faɗi ya ji ciwo ba ya neman kowa. Ko akasin haka, ya manne wa duk baƙon da ya gani, ya bi shi ba waiwaye. A makaranta za ki gan shi yana ɓoye abinci, ko ya zo tun kafin a buɗe ƙofa kuma ba ya son a tashi. Sai dai a fara gwada ji da gani, domin kurma ma ba ya magana.

Bayan faɗuwar gwamnatin Romaniya a Disamba 1989 an tarar da dubban yara a gidajen marayu, ana ba su abinci a jere amma ba mai ɗaukarsu. Binciken da aka fara a Bukares, babban birnin ƙasar, a 2000 da yara 136 ya nuna waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara 2 sun fi farfaɗowa a basira da shaƙuwa fiye da waɗanda aka jinkirta.

A duba uwar ita ma. Mai jegon da ta daina wanka, ba ta cin abinci, tana kuka ba dalili, jariri na kuka tana kallon bango, ba muguwa ba ce, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa kuma yana da magani.

Inna Ungozoma:
To Likita, kunyar ɗan fari fa? Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Haka aka tashi da mutane da yawa kuma sun zama mutane.

Likitan Yara:
Inna, sun zama mutane ne domin a babban gida akwai kaka, akwai goggo, akwai abokiyar zama da za ta ɗauke shi ta goya ta yi masa tawai. Yaro yana buƙatar mutum ɗaya tabbatacce da zai amsa masa, ba dole sai wadda ta haife shi ba. Matsalar ita ce al'adar ta biyo amarya zuwa ɗakin haya a birni, kakar kuma tana ƙauye. Idan ta yi kara a nan, ba mai cike gurbin. Kuma kunya ba ta shafi nono da magani ba, ko a da.

Alaramma:
Ina biye da ku, kuma na san inda maganar za ta, wato almajirci. Ina roƙon a bambance. Tura yaro neman Alƙur'ani ba sakaci ba ne. Tsangaya ta asali tana da gona, gari na ciyar da ita, kowane yaro yana da uwar ɗaki. Amma ba zan kare abin da shari'a ba ta kare ba. Ciyar da ɗa da tufatar da shi wajibi ne a kan uba, a mazhabar Malikiyya namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, kuma kai shi wurin malami bai sauke wannan nauyi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. Wanda ya sauke ɗan shekara biyar da roba da allo, bai bar ko mudu ɗaya ba, shekara biyu bai leƙo ba, wannan ya yar da ɗansa ne.

Jami'in Walwala:
Allah ya gafarta Malam, a nan ba mu da saɓani. Tambayoyin da ake yi a tsangaya su ne waɗanda ake yi a kowane gida: shekarunsa nawa, wa ke ba shi abinci yau, ina yake kwana kuma akwai rufi da bargo da sanyi, ina yake wanka, in ya kwanta ciwo wa zai biya, yaushe uban ya zo, kuma malami ɗaya yara nawa ne a hannunsa. Inda amsa ta yi kyau ba ruwanmu. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023, amma hukuma ba za ta zama uba ba.

Haka ma yarinyar da sunanta ke rajista amma ranar kasuwa ba ta zuwa, tana yawo da farantin talla har bayan isha'i a tasha. Da 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye tana kai 'ya'yan gida makaranta ita ta dawo wanke-wanke. Da yaro mai galahanga ko kurma da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki don kada baƙi su gani, har maƙwabta ba su san da shi ba.

Alaramma:
Na yarda, sai dai a riƙa tambayar uban kafin malamin. Sau da yawa malamin shi ma an jibge masa ne.

Barista:
Ta fuskar doka a taƙaice. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, ta yi tata dokar a 2003, amma sai kowace jiha ta karɓa kafin ta yi aiki a cikinta. Kano ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2023. Tun kafin nan kundin hukunta laifuka na Arewa ya tanadi hukunci a sashe na 237 ga wanda ya yar da yaro ɗan ƙasa da shekara 12, sashe na 238 kuma ga wanda ya azabtar ko ya yi sakaci da gangan da yaron da ke hannunsa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara 9 na karatu kyauta. Uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta, karo na farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu. Matar da aka saka aka bar mata yara ba ciyarwa tana da damar kai ƙara kotun shari'a a yanka wa uban abin da zai riƙa bayarwa. Amma kotu matakin ƙarshe ce, domin ɗaure uba ba ya sa tuwo a kwanon yaro.

Malamar Firamare:
To idan na ga alamun a ajina, me zan fara yi?

Jami'in Walwala:
Ki sami littafi ki riƙa rubuta kwanan wata da abin da idonki ya gani, ba abin da kike zato ba. "Ranar 4 ga wata ya zo ba karin kumallo, kunnen dama na ruwa" ya fi "uwarsa ba ta kula da shi" amfani. Ki tambaye shi a keɓe, tambaya buɗaɗɗiya: "Me ka ci jiya da dare? Wa ke gida in ka koma?" Kada ki sa masa amsa a baki, kada ki zagi iyayensa a gabansa, kuma kada ki yi masa alkawarin ba za ki faɗa wa kowa ba. Ki sanar da shugaban makaranta. A gana da iyaye a asirce, ba a gaban kishiya ko maƙwabta ba, a fara da "mun lura da kaza, lafiya kuwa?" Da yawa a nan za ki ji an yi saki, ko uban ya kwanta ciwo, ko uwar ta rasu. Idan an yi magana sau biyu ba canji, sai a sa mai unguwa ko liman ko wani babba a dangi, sannan ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ko Ma'aikatar Mata ta jiha. Kada a ɗauki hoton yaron a sa a Facebook ko TikTok da sunan neman taimako, hoton zai bi shi har girmansa, kuma iyaye sukan cire shi daga makarantar gaba ɗaya, ki rasa ganinsa.

Sista Mai Jinya:
Ban da abu uku, waɗanda ba a jiran a gana da kowa: tef ya nuna ja ko ƙafafu sun kumbura, ɗaya daga alamun haɗarin da Likita ya lissafa, ko ƙaramin yaro da aka kulle shi kaɗai. Waɗannan asibiti ko hukuma ne a ranar. Malama, idan makarantarku tana da ajin share fage, ki je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ki roƙi ma'aikaciyar awo ta nuna miki yadda ake riƙe tef ɗin, minti goma ya isa. Ki tuna iyakarsa wata 59 ne, 'yan aji ɗaya zuwa sama sai an haɗa nauyi da tsawo a sikeli.